Dawar Kada a Gonar Baba

Da sunan Mai saukar da ruwa bayan an fid da rai nake fara wannan tuni, kuma shi nake roƙo ya jiƙan mutanen da zan ambata, don duk sun riga mu gidan gaskiya.

Kwanan baya, cikin damina, aka ɗauke ni a babur daga Gwandu za mu Kalgo gaisuwar rasuwa. Gonaki dama da hagu sun yi kore shar, amma shiru kake ji. Babu ƙarar kalme a kan ƙasa, babu kiɗan gayya, babu mata tafe da ƙoren fura a ka. Sai wani saurayi shi kaɗai a tsakiyar gona, ya goya tankin feshi, ya ɗaure hanci da tsumma, yana tafe yana yi wa ciyawa ruwan mutuwa. Can a bakin wani kwari na hango ta tsaye, ta fi duk abin da ke kusa da ita tsawo, kanta a barbaje yana rausaya. Na ce wa mai babur ya dakata. Na nuna masa, na ce ko ya san wannan. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Baba, ai dawa ce, lalacewa ta yi." Ban gyara masa ba. Na ce mu tafi kada mu rasa jama'a.

Ba dawa ba ce. Dawar kada ce, ciyawar fadama da bakin rafi. Tana ƙarama ba mai raba ta da dawar gida sai wanda ya tsufa a cikin kunya da sungumi: ganye ɗaya, kara ɗaya, har ma ta fi ta gida kyan gani. Sai ta fid da kai asirinta yake tonuwa. Zangarniyarta sakwa-sakwa ce, ƙwayarta ƙanana baƙaƙe masu ƙaiƙayi, kuma ba ta jiran girbi. Da ta nuna, iska kaɗan ta isa ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa, su kwanta su jira wata damina, wasu har damina bayan wata. Tsofaffinmu sukan ce baƙuwa ce mai kama da 'yar gida, in ka yi mata shimfiɗa sai ta gaje ɗakin.

A wani ƙauye kusa da Kambaza na tashi. In na rufe ido yanzu, abin da ke fara zo mini ba kamannin garin ba ne, sautinsa ne. Kiran asalatu, sannan tarin tsofaffi a hanyar masallaci, sannan ƙarar guga a bakin rijiya. Kafin rana ta ɗaga, turame sun amsa daga wannan gida zuwa wancan, har kana iya gane luguden kowace mace ba ka gan ta ba. Na Inna, mahaifiyata, mai nauyi ne, ba ta gaggawa, tana ba kowace taɓarya haƙƙinta. Mu kuwa samari muna bayan jakuna da mangalar taki, ko muna wasa bakin kalme a kan dutse. Yau injin niƙa ya haɗiye turmi, yana kuka da murya ɗaya daga safe har yamma, ba ka sanin gidan da ake niƙa wa. Ba na cewa sauƙin da aka samu sharri ne. Wanda ya ga tafin hannun mata a lokacinmu ba zai faɗi haka ba. Ina dai cewa akwai abin da ya tafi tare da wahalar, kuma bai bar saƙo ba.

Gidanmu ba gidan sarauta ba ne, ba kuma na dukiya ba. Da abu ɗaya aka san mu, wata farar dawa da Baba ya gada daga mahaifinsa, shi ma daga nasa. Farfara ce, amma ba kamar ta kowa ba. Tuwonta fari ne sol, yana da danƙo, ko ya kwana ba ya tsinkewa. Kowace kaka, kafin a sa magirbi, Baba yakan shiga gona shi kaɗai da 'yar wuƙa, yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen surukai. Waɗanda suka yi masa sai ya ɗaure su dami guda, a rataye a madafa inda hayaƙi zai kore musu ƙwari. Wannan shi ne iri. In bazara ta yi, ni da na yi karatu a Gwandu nakan rubuta masa allo, a wanke, a yayyafa wa irin kafin a kai gona. Kuma a lokacin nan ne mutane ke zuwa. Daga Ceberu, daga Maruda, har daga hayin Kalgo, mutum zai yi sallama a zaure ya ce ya zo a sam masa. Ba a sayar da iri a wancan zamani, ba a kuma hana shi. Kana iya hana mutum aron jaki, a ce kana da uzuri. In ka hana shi iri kuwa, har jikokinka sai an goranta musu. Baba bai taɓa mayar da kowa hannu wofi ba, kuma duk da ba mutum ne mai alfahari ba, na san wannan ita ce rigarsa ta ado. Yanzu iri a leda yake zuwa daga kanti, ba a san ubansa ba, ba a san kakansa ba, baɗi kuma a sake saye.

Yana da doka ɗaya a gona wadda muka haddace tun muna ƙanana. Duk tsiron da ba sungumi ne ya haƙa masa rami ba, komai kyansa, kalme ne rabonsa. Abin da ba ka shuka ba, in ji shi, ba ka san wanda ya aiko shi ba.

Sai aka yi shekarar fari. Ina sabon aure a lokacin. Ruwa ya sauka kamar da gaske, aka yi shuka, sannan sama ta washe ta ƙi komawa. Dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe a tsaye. Ba zan tsawaita a kan wannan shekara ba, wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa, wanda bai gan ta ba kuwa magana ba za ta nuna masa ba. Rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye. Aka ci dusa, aka ci ganyen da a da awaki ake yankar wa. Gidaje da yawa suka sauke irinsu suka daka, kuma ba wanda ya zarge su. Mata suka riƙa haɗuwa suna gangarawa fadama wajen Kalgo, inda ɗan danshi ya rage, suna kakkaɓe kan dawar kada a cikin ƙorai. Inna na cikinsu, da amaryata. Su wuni su dawo da abin da bai cika ƙwarya ba, a surfa, a sheƙe, a dama kunu baƙi mai ɗaci-ɗaci mai kama maƙogwaro. Da shi muka ga kaka ta wuce, muka ga rani. Ƙaiƙayin da abin da ya zube wajen shiƙa kuwa, sai a share a watsa a juji kamar yadda aka saba. Duk wannan lokaci damin irin Baba, wanda ya rage daga shekarar da ta gabata, yana rataye a saman murhu. Na sha ganin Inna ta ɗaga kai ta dube shi, ta sunkuyar, ta ci gaba da iza wuta.

Da bazara muka kwashe jujin nan kaf muka kai gona a matsayin taki. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

Ruwa ya sauka, muka shuka irin da aka yi wa tsaron rai. Ya fito, sai ruwan ya ɗan ɗauke, ramuka da yawa suka mutu, gona ta zama kamar bakin tsoho, nan haƙori can gurbi. Ba sauran iri da za a sake zubawa. Da ruwa ya dawo sosai sai ga wani tsiro ko'ina tsakanin layuka, kore shar, mai ƙarfi, ya fi wanda muka shuka walwala. Ranar noman firi, wato noman farko, na ɗaga kalme zan bi doka, sai na ji Baba ya riƙe mini hannu.

"Dakata," ya ce. "Gyauron bara ne. Abin da ya zube bai samu ruwa ba, shi ne Allah ya rayar muna."

Na ce, "Baba, ba cikin rami suke ba."

Ya ce, "Na gani. Amma wanda ya ga bara ba ya kashe dawa da hannunsa."

Da Inna ta kawo fura, ta tsuguna ta murza ganye ɗaya tsakanin yatsunta, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Malam, wanga ganye bai cika siranta ba kuwa? Ni dai hannuna kamar ya san shi."

Baba ya ce, "Yunwa ta sha, kamar mu. Ke ma ai kin sirance."

Ta yi dariya, ta rufe ƙwarya, ba ta ƙara ba. Ni ma ban ƙara ba, don a gaskiya zuciyata tana tare da tasa. Mutumin da ya fi kowa sanin dawa a yankinmu bai ruɗe don rashin sani ba. Ya kwana da kukan jikoki a kunnensa shekara guda, ya ga kore ya fito inda yake tsoron ƙasa tsirara, idonsa ya ga abin da yake roƙo. Da marka ta kama, muka bi tsiron nan muna cira da saiwarsa muna dasawa a kowane gurbi, gabas da yamma, kudu da arewa, muna yi muna bismilla. Da hannunmu muka zaunar da ita a kowane layi.

Gona ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Masu wucewa sukan tsaya su yi ma sha Allah. Wata rana sai ga Baba Nomau daga Maruda a kan jakinsa. Shi ɗan goggon Baba ne, taubashinsa, ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Yana cikin waɗanda suka ci irinsu a shekarar fari, sai wata jar dawa, janjari, ya samo ya shuka.

Ya ɗaga murya tun daga bakin hanya. "Kai bawana! Wa ya ba ka izinin yin gona haka ba ka gaya wa ubangidanka ba?"

Baba ya ce, "Sauka ka gaishe ni, raggo. Wanda ya cinye irinsa har yana da bakin magana?"

"Na ci, kuma ya yi daɗi. Ka dai ajiye mini rabona da kaka. Na gaji da jan tuwon nan, in na buɗe akushi sai in ga kamar an yi yanka a ciki."

Suka yi ta dariya. Baba ya ce ya zo da bazara da babban taiki.

Dawa ta yi ciki, ta fara fid da kai. Wata safiya muka iso gona, Baba na gaba ina biye, sai na ga ya tsaya cak. Dogayen karan nan da ake yabo, waɗanda suka zarce sauran, duk sun buɗe kai sakwa-sakwa, suna kaɗa bununinsu a kan farfarar da ke ƙarƙashinsu, ita ma tana cikin huda. Ya kama ɗaya ya tanƙwaro shi, ya duba, ya saki. Ya ce inna lillahi, a hankali, kamar wanda aka gaya wa rasuwar da ya daɗe yana tsammani. Sannan ya cire hularsa ya zauna a kan kunya. Ban taɓa ganin Baba zaune a gona da hantsi ba sai ran nan.

Muka tara duk mai hannu a gidan, muka bi su da lauje, muka fitar muka ƙone. Waɗansu sun riga sun fara zubarwa. Farfarar da ta rage ta yi kyau, ta cika, muka sami abin da ya rufa mana asiri, alhamdu lillahi. Har Baba ya shiga da 'yar wuƙarsa ya zaɓi iri kamar kullum, aka rataye. Na ɗauka magana ta ƙare. Amma na lura duk ranin nan ba ya shiga madafa, kuma da bazara ta matso bai ce in rubuta allo ba. Da na tuna masa sai ya ce in zauna.

Ya ce, "Dawa tana aure, ka sani. Sun yi huda tare, iska ta ɗaura. Wanga iri da kake gani fari, a cikinsa akwai 'ya'yan waccan, kuma ba a gane su sai sun fid da kai a gonar mutum."

Na ce a zaɓi na gefen da ba ta kai ba. Ya ce wane gefe, ba mu da kanmu munka kai ta ko'ina ba? Na ce to mu shuka mu kaɗai, mu riƙa cirewa shekara bayan shekara har ya tsarkaka. Ya girgiza kai. Ya ce tsuntsu bai san iyakar gona ba, ruwa ma bai sani ba, kuma da wane baki zai shuka abu a gonarsa ya ce wa maƙwabci ba na bayarwa ba ne?

Mutane suka fara zuwa, kuma a wannan karon sun fi kowace shekara yawa, don gidaje da dama a kanmu kaɗai suke sa rai. Baba ya riƙa gaya wa kowa gaskiya a zaure. Waɗansu suka yi masa jaje. Waɗansu suka fita suna cewa yunwa ta koya wa Malam rowa. Maganar ta kai kasuwa ta dawo. Ya rame fiye da yadda ya rame a shekarar fari.

Sai ga Baba Nomau da taikinsa, da hantsi, yana tsiya tun daga ƙofa. Baba ya zaunar da shi ya faɗa masa abin da ya faɗa wa kowa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Wasa kake, bawana."

"Da wasa ne da na fi kowa murna."

"To ba ni hakanan. Gonata ce. In ta hito in cire da hannuna."

"Gonarka tana da maƙwabta, Nomau. Kuma ƙasan ku fadama ce. In ta shiga can, jikokinka ba su gama fitar da ita."

Baba Nomau ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ka hana na Ceberu, ka hana na Kalgo, wannan tsakaninku. Ni uwata daga ɗakin can ta hito. Dawar kakana ce kamar yadda take ta kakanka. Da idona na ga damin rataye. Mi za ka yi da shi in ba shukawa za ka yi kai kaɗai ba, in mun juya baya?"

Wannan ce maganar da ta soke shi, don ita ce ake faɗi a kasuwa, yau ga ta a bakin ɗan'uwa. Baba ya tashi ya shiga cikin gida, ya ce mu biyo shi. Ya shiga madafa da kansa, ya taka turmi, ya kwance damin, ya fito da shi rungume kamar mai ɗauke da jariri. Ya ajiye a gaban Inna.

"A sussuke," ya ce. "A surfa, a daka. Duka."

Inna ta dube shi. Ita ce ta kwana da yunwa a ƙarƙashin damin da ya haifi wannan, ba ta taɓa zarar zangarniya ɗaya ba. Ta ce, "Malam, duka?"

"Duka. Kada ƙwaya ta faɗi ƙasa. Ƙaiƙayin kuma a wuta, ba a juji ba."

Ta yi bismilla ta ɗaga taɓarya. Baba Nomau ya ce, "Kai, tsaya! Na yarda, na yarda, ka bari!" Baba ya ce ai ba don shi kaɗai ba ne, muddin damin yana rataye, wata rana ko shi kansa zuciyarsa za ta karye. Muka zauna a inuwa, mu uku, muna jin luguden Inna da na matata har azahar ta yi. Da aka tuƙa tuwon aka kawo, fari sol, Baba ya sa aka kai wa maƙwabta malmala-malmala, har gidajen da suka kira shi marowaci. Baba Nomau ya yi loma ɗaya ya tsaya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, bawana. Ka sa na ci kakana." Baba ya ce, "Ci ka ƙoshi, ba a sake tuƙa shi." Wannan shi ne tuwon farfararmu na ƙarshe da ya shiga bakina. 'Ya'yana ba su san ɗanɗanonsa ba, in na ba su labari sai su ce ai tuwo tuwo ne.

Waccan gona wake da gyaɗa muka mayar da ita, muka yi shekaru muna bin dawar kada da hannu kafin ta haƙura. Amma muna da wata gona a tudu, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas, mu kuwa ba mu da ƙwayar da za mu jefa a rami. Bayan 'yan kwanaki Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ce in raka shi Maruda. Na ɗauko jaki, ya ce a ƙasa za mu. Muka iske Baba Nomau a ƙofar gida yana gyaran ƙotar sungumi, ga mutane zaune. Baba, wanda tun kakansa a zaurensu ake yin sallama, ya tsaya a gaban jama'a ya yi sallama, ya ce ya zo a sam masa iri.

Na ga bakin Baba Nomau ya motsa, tsiya ta zo masa har leɓe, irin damar da taubashi ke jira shekara da shekaru. Ya haɗiye ta. Ya shiga gida ya fito da ƙwarya cike da janjari. Ba mu zo da taiki ba, sai Baba ya tara gaban rigarsa da hannu biyu, aka juye masa. A haka ya taka har gida, yana riƙe da jar dawa a cikin farar riga, duk wanda muka gamu da shi ya gani.

Da ruwa ya sauka muka shuka. Tun daga wannan kaka tuwon gidanmu ja ne, kuma har Baba ya koma ga Ubangijinsa ban taɓa jin ya kushe shi ba.